Ruwan Ɗauraya

Ina tankaɗe gari a bakin bukka da hantsi kuku, mai dafa wa Turawa abinci, ya zo da labarin. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tsaya daga bayan igiyar shanya ya ɗaga murya, don maigidana yana can tsugune gaban daro da rigar Bature a hannunsa.

"Mai wanki! Huta da hannunka. Magajinka ya iso, yana cikin akwati a bayan motar kamyo."

Maigidana bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan wane ne?"

"Ba ɗan kowa ba ne. Ba ya shan shayi, ba ya tashi salla, ba shi da mata balle goyo. Mashin ne. Ka zuba masa riga, ka zuba masa ruwa, ka koma inuwa."

Ya yi dariyarsa ya wuce. Ni kuwa rariya ta tsaya a hannuna. Na dubi maigidana ko zai ce wani abu, sai na ga ya matse rigar, ya warware ta, ya ɗaga ta ga rana yana duba wuyanta, kamar ba da shi aka yi magana ba. Ɗiyata tana goye a bayana tana barci. Na tuna na kai hannu na riƙe ƙafarta.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne. Garin Arlit da nake zaune a cikinsa yau babu shi tukuna. Duk wannan yanki fili ne da duwatsu, sai rijiyoyin makiyaya nesa da juna. Mu muna wani zango na Turawa masu neman dutse. Ba su kai goma ba, babbansu muna ce masa Mushe. Suna da wani ɗan akwati mai kuka kamar gyare, in sun kanga shi ga ƙasa ya yawaita kuka sai su sa a haƙa wurin. Masu haƙar mutanenmu ne, daga Abzin, daga Adar, daga Damagaram. Kaɗan ne suka zo da iyali, muna cikin kaɗan ɗin. An ba mu wuri can gefe, bayan rumfar girki, muka kafa bukkokin tabarma.

Ni ƴar Agadez ce. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan lambu ne daga cikin duwatsun Abzin. Rijiyar lambunsu ta ja baya, bijimin da ke ja musu ruwa ya mutu, ƴan'uwansa suka watse. Ya sauko gari ya koyi wanki da guga a gidan wani Bature, daga can aka ɗauke shi zuwa zangon. Hausarsa ta koyo ce. Bai taɓa raba "kai" da "ke" ba, ni ma "kai" yake ce mini, tun ina dariya har na saba, har ya zamana in wani namiji ya ce mini "ke" sai in ji kamar da nisa yake.

Ba mu da wurin komawa, wannan shi ne abin da nake so a riƙe. Lambu babu. Gidan mahaifina ɗaki biyu ne, kuma cike yake. Wankin nan ne ke ba mu gero da sukari da shayi, shi ne ke ba mu rabon ruwa. In aka sallame shi, kamyon da ya kawo mashin shi zai kwashe mu ya zube mu a bakin kasuwar Agadez da goyo da tabarma.

Ruwa a zangon nan ba a wasa da shi. A tano, wato gangar ƙarfe, ake kawo shi daga rijiya mai nisa, a auna wa kowa. Saboda haka maigidana yana da tsarin aikinsa. Kayan Turawa kullum ne, riguna da zanen gado da mayafin tebur. Kayan masu haƙa kuwa ranar Alhamis kawai, don su sami na sawa ran Juma'a. Daro uku gare shi. Na farko na jiƙo, na biyu na sabulu. Na uku ba ya tsoma komai a ciki. Sanda yake gittawa a kansa ya rataya tufar, ya ɗauki buta ya yi bisimilla, ya riƙa zuba ruwa mai kyau daga sama har sai abin da ke ɗiga ƙasa ya fito garau, babu kumfa babu launi. Wannan ita ce ɗauraya. Ruwan da ya taru a daron shi zai zama na jiƙon gobe. Yakan ce sabulu na ido ne, ɗauraya ta salla ce. Har kayan Turawa haka yake yi musu, su da ba su tambaye shi ba.

Bayan azahar aka fasa akwatin. Na laɓe a jikin rumfar girki ina kallo. Wani farin tano ne mai ƙafa huɗu, da murfi a sama, da sanduna biyu na roba masu matse tufa in an juya hannu. Igiyar wuta ta fita daga gindinsa zuwa gurup, injin da ke ba Turawa fitila. Mushe ya sa aka kira maigidana. Kuku ne tafinta, don duk zangon shi ya fi jin Faransanci, ko da yake nasa na tukunya ne. Mutumin Damagaram ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma ya mai da maigidana abokin tsokana tun ranar da suka haɗu.

Mushe ya yi magana mai tsawo yana dafa murfin mashin. Kuku ya ce, "Ya ce daga yau har kamyo ya dawo, mashin zai wanke kayan kowa, na Turawa da na masu haƙa. Ni zan riƙa kunna shi. Kai shanya da guga za ka yi kafin nan. Ya ce mashin na shan ruwa da mai, kai kuma kana cin gero, kana shan shayi, kana zazzaɓi. Zai duba wanda ya fi masa sauƙi."

Maigidana ya ce, "To."

"To kawai? Ni in ni ne kai da na fara naɗe tabarma."

Aka zuba riguna, aka kunna. Abin ya yi gurnani ya fara kaɗa ruwa, hagu, dama, hagu, dama. Masu haƙa da suka taru suka ja da baya suna salati, wani ya ce akwai mutum a ciki. Maigidana shi kaɗai ya matsa ya leƙa, hannunsa a baya, kamar yadda yake duba shukar wani.

Kamyo yakan yi kamar mako biyu kafin ya dawo. Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyin waɗannan ba. Duk ƙarar da na ji daga kudu sai in fito in duba hanya, ko da na san lokaci bai yi ba. In na sa tuwo a gaba sai in ture shi. Ruwan nonona ya ragu, yarinya ta riƙa kuka, kukan ya ƙara mini. Sau biyu ina ɗaure kwanukana a zane, in ji tafiyar maigidana in kwance da sauri.

A cikin kaina kuwa shari'a nake yi da Mushe daga safe zuwa yamma. Ina ce masa mashin bai san rigar wane ce wannan ba. Bai san ya laluba aljihu ya mayar maka da abin da ka manta ba. Ba ya ɗinke maɓalli. In rairayi ya shige shi wa zai gyara a wannan daji? Sai kuma in amsa wa kaina da bakinsa: mashin ba shi da mata da ɗiya da za a auna wa ruwa. Wannan ita ce ke kayar da ni kullum, don mu ne nauyin da ke wuyan mai wanki. Guga kuma ban sa ta a lissafi ba. Na san ba a ciyar da mutum da iyalinsa don guga kaɗai.

Ran kwana uku na kasa haƙuri. Maigidana ya dawo cin abincin rana, na ajiye masa kwano na ce, "Ka ga wankin mashin ɗin?"

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Yana fita."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Kai, mace, me kake so in ce? Riga ya shiga da datti ya fito fari. In ce baƙi ne?"

"An ce yana fasa maɓalli."

"Biyu ya fasa. Ni na taɓa fasa uku rana ɗaya, da dutsen guga."

"To ka je ka faɗa wa Mushe haka, ya ji daɗi."

Ya wanke hannu ya fara ci. Can ya ce, "Ka ci abinci. Yarinya yana jin yunwa a jikinka."

Na ji haushinsa ranar, haushi mai yawa. Na ga kamar yana tsaye ana haƙa rami a ƙarƙashinsa yana yaba wa masu haƙar.

Kwana biyu bayan haka wutata ta mutu, na ɗauki kasko na tafi rumfar girki roƙon garwashi. Mashin yana nan gefen rumfar. Maigidana ba ya kusa, wurin gugarsa yana can ɗaya ɓangaren zangon, inda iska ba ta kawo toka. Na tarar kuku yana cusa kaya yana mita. Na ga ya sa mayafin tebur mai jan tabon giya. Na ga ya sa bargon da karen Mushe ke kwana a kai. Da suka fito ya jawo tarin wandunan masu haƙa.

Akwai kuma abin da na gani bayan wannan, zan rubuta shi duka. Kafin ya zuba wandunan ya sauke wata roba daga jikin mashin, ruwan dattin ya tsiyaye ƙasa. Ya ɗebo sabo daga tano ya zuba. Da wandunan suka gama juyawa cikin sabulu ya sake tsiyayewa, ya sake zuba sabon ruwa, mashin ya kaɗa su a ciki. Sau biyu ya yi haka, yana zagin mashin da wanda ya ƙera shi, yana cewa shi kuku aka ɗauke shi ba ɗan ga-ruwa ba. Ina tsaye da kasko har garwashin ya fara dushewa.

Ya ce, "Uwar goyo, kallo kika zo ko wuta?"

Na ce wuta, na tafi.

Washegari da safe muna layin ruwa, mu matan zangon. A gabana matar liman ce. Liman shi ne dattijon masu haƙa, mutumin Adar, shi ke jan salla a filin da aka kewaye da duwatsu. Matarsa a shekaru ta haife ni, Inna nake ce mata. Ban kwana da niyyar faɗin komai ba, ko kuwa na kwana da ita ban sani ba. Na dai ji bakina ya buɗe.

"Inna, har wandon Baba liman ake sawa a mashin ɗin nan?"

"Har shi, ɗiyata. Ya fito fes, sai ƙamshi."

"Ƙamshi kam akwai."

Ta juyo ta dube ni. "Me kika gani?"

"Ba komai. Jiya dai na je ɗibar wuta, na ga an sa bargon kare. Da zanen da suke zubar da giya a kai."

"A ciki? Inda ake sa na mutane?"

"Ai ciki ɗaya gare shi, Inna."

Sauran matan sun daina hira. Sai ta yi tambayar da na san za ta yi.

"Ana dai ɗaurayewa ko?"

Na gyara goyona. Na ce, "Inna, ƙarfe ya san ɗauraya?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa tambaya na yi, ban yi ƙarya ba. Yanzu na tsufa da wannan dabara.

Kafin la'asar magana ta gama zangon, kuma ta yi ƙiba a hanya. Wai kare da kansa ake wankewa a ciki. Wai ruwa ɗaya ne tun ranar da aka kunna shi. Na ga maza sun dawo daga rami a gajiye, suna zuba ruwan shansu a kan wanduna. Na ga wasu sun tsaya a filin salla suna rama sallolin kwanakin nan, ko da liman bai ce dole ba ne. Wani tsoho mai ciwon gwiwa yana ta tashi yana dafa ƙasa, raka'a bayan raka'a. Na shige bukka don kada in gani. Tsoron da nake ji ya zama biyu: na kamyo, da na kada a tambayi wadda ta fara.

Maigidana ya ji maganar kamar kowa. Abin da ya ce kawai, "Wanda ya gani shi ya sani."

Ran Alhamis babu wanda ya kawo kayansa. Da safe, kafin a fita aiki, liman ya ja mutane suka tsaya a ƙofar tantin Mushe. Mu mata muna daga nesa kaɗan, inda ake jin magana. Mushe ya fito da kofi a hannu, aka kira kuku.

Liman ya yi bayani a natse. Ya ce ba su ƙi aiki ba, ba su raina kyautar Mushe ba, amma tufar da za a tsaya gaban Allah da ita sai an ɗauraye ta da ruwa mai tsarki. Kuku ya juya maganar. Mushe ya shiga ya fito da farar riga, ya baza ta, ya shinshina, ya miƙa wa liman.

Kuku ya juya maganar: "Ya ce wannan ba fara ba ce?"

Liman ya ce, "Fara ce. Nono ma fari ne, ka taɓa ganin an yi alwala da shi?"

Aka yi dariya, ban da Mushe. Kuku ya yi ta fama, yana nuni da hannu, yana maimaita kalma ɗaya. Daga baya ya juyo ya ce, "Baba, wanki da ɗauraya da tsarki duk abu guda nake ce masa, shi na sani. Yana ganin mun haukace." Ban sani ba ko Faransanci ne ba shi da kalmar, ko kuku ne ba shi da ita.

Liman ya ce a kira mai wanki. Maigidana ya zo da dutsen guga a hannu, ya ajiye shi a kan wani dutse.

"Mai wanki, tsakaninka da Allah. Abin nan yana ɗauraya?"

Na san mutumin da na aura. In ya sani zai faɗa, ko da a kan wuyansa ne.

Ya ce, "Baba, ban gani ba. Ni can nake wurin guga. Fita dai yana fita, wannan na gani."

Liman ya juya ga kuku. "Kai fa, da kake kunna shi?"

Kuku ya sosa ƙeya. Shi ne ke ɗibar ruwan nan safe da rana, kuma kayan masu haƙa su suka fi cin ruwa. Ya waiwayo wajen mata, idonsa ya tsaya a kaina, ba da daɗewa ba. Sannan ya ce, "Baba, ni kuku ne, ba malami ba. Abin da aka ce in zuba nake zubawa."

Mushe ya dubi agogonsa, ya dubi rana. Ba ya son aiki ya tsaya saboda wando. Ya yanke magana a tsaye, kuku ya juya mana. Mashin zai riƙe kayan Turawa. Kayan masu haƙa su koma hannun mai wanki, tare da guga. Amma tunda ba za a ajiye mutum don ranar Alhamis kaɗai ba, za a ƙara masa jakunkunan zane da ake zuba garin dutse a ciki, ya riƙa wanke su ana sake amfani da su, da kuma tamfol ɗin da ake shimfiɗawa a bakin rami. Ruwan wanki kuma za a raba biyu, rabi na mashin.

Na koma bukka. Na dafa shayi na zuba sukari fiye da kullum. Da kamyo ya zo ya tafi ba da mu ba, na tsaya ina kallon ƙurarsa har ta ɓace, na yi ta godiya ga Allah. Kuku ya wuce ni a ranar, ya ce, "Uwar goyo, garwashin rannan ya kama kuwa?" Na ce ya kama. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Da rabin ruwa ba a tsoma jakar da ke cike da gari, sai ta mai da daro taɓo. Saboda haka maigidana ya ƙara wani mataki a gaban daro ukun nan. Yakan rataya jakunkunan da wandunan a igiya, ya ɗauki sanda ya yi ta bugu a bushe har ƙurar ta fita, sannan ya jiƙa. Kullum ne, ba Alhamis kaɗai ba. Ƙurar wani lokaci toka-toka ce, wani lokaci rawaya kamar garin ɗorawa. Tana tashi ta tsaya a kansa, don wurin babu iska da hantsi. Da fari yana rufe baki da amawali kamar mutanensu, amma in zafi ya yi, ga bugu, sai ya sauke shi. Yakan shigo cin abinci gira da gemu duk sun yi rawaya. Ina dariya in ce masa ya zama Bature. Shi kuma ya ce to a ba shi kujera da cokali. Ya kurkure baki ya tofar, abin da ya fito ma rawaya.

Babu wanda ya ce mana komai game da ƙurar nan. Mu ƙasa muka ɗauke ta.

Aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, zangon bai san an yi ba sai da direba ya faɗa. Aka tashi daga wannan wuri zuwa wani, muka bi. Mushe ya tafi, wani Mushen ya zo. Mashin ɗin farko ya mutu a shekara ta biyu ko ta uku, aka yi wa kajin kuku gida da shi. Daga baya aka kafa Arlit, muka shigo tare da masu shigowa na farko. Gidajen manya suka cika da mashin iri-iri. Amma masu shiga rami da yawa wurin maigidana suke kawo kayan aikinsu, ɗa ya gaji uba a kan haka. Suna cewa wankinsa ne ake salla da shi ba kokwanto. Sunan da ya ci abinci da shi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare, kuma na san inda sunan ya samo asali.

Tarin ya fara masa kaɗan-kaɗan. Muka ce sanyi ne, muka ce shayi ne ya yi yawa. Ya kai shekaru yana yi yana aiki. Da ya kai ba ya iya ɗaga sanda sau goma sai ya zauna, muka je gidan likita. Suka ce ƙirji ne, suka ba da magani. Ban tambaye su daga ina ya zo ba, su ma ba su faɗa ba. Ina so in yi adalci a nan. Na san waɗanda ba su taɓa bugun jaka ba kuma suka yi irin tarin nan. Na san wanda ya yi shekaru a cikin rami yana nan da ransa har ya ga jikoki. Kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Ban sani ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini.

A watansa na ƙarshe yakan so a fitar da shi inuwar gida bayan la'asar. Wata rana ina zaune kusa da shi ina tsince shinkafa, maƙwabta suka kunna mashin ɗinsu, muna jin gurnaninsa ta katanga. Ya saurara, ya yi murmushi.

"Ka tuna na farko? Mai ƙafa huɗu?"

Na ce na tuna.

"Ka rame a kwanakin nan. Ina kallonka, ka ɗaure kwano ka kwance."

"Ashe ka gani."

"Na gani." Ya yi tari, na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ai ba za a kore ni ba, ko mashin ya ci. Ranar da aka fasa akwati na ji Mushe ya ce mashin ba ya guga, ba ya shanya, mai wanki zai zauna a kan wannan. Wankin kawai yake aunawa, ko hannu ko ƙarfe. Kuku ya haɗiye rabin magana don ya ga idona ya yi ja."

Na ajiye tiren shinkafar a ƙasa. Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Faransancina guntu ne. Na ji tsoro in gaya maka ka saki jiki, ya zamana ba haka ya ce ba. Na ce bari kamyo ya zo mu gani." Ya kurɓi ruwa. "Da na huta, ka sani. Guga a inuwa. Amma mutane sun ce ba ya ɗauraya, to, ba a wasa da sallar mutane. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na ce amin. Na buɗe baki in ci gaba, maganar tana nan a kan harshena, na ma shirya ta: na gani, yana ɗauraya, sau biyu, ni ce na faɗa wa Inna. Sai ya ce in gyara masa matashi, bayansa ya gaji. Na gyara. Ya lumshe ido, na ce bari sai gobe in ya fi jin ƙarfi.

Ya yi kwana goma sha ɗaya bayan wannan, kuma kusan kullum muna zama a inuwar nan mu biyu. Liman da matarsa sun daɗe da rasuwa, kuku ban san inda ya ƙare ba. Na nemi gafarar maigidana a kan abubuwa da yawa kafin ya cika, ya ce ya yafe duka, har da wanda bai sani ba. Amma wannan ban faɗa masa ba.